Ƙwayoyin Ƙarin Jini Da Na Bitamin: Wa Ya Kamata Ya Sha, Wa Ke Asarar Kuɗinsa?

Duk wanda ya shiga kantin sayar da magani a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, kafin idonsa ya kai ga maganin zazzaɓi ko na tari, abin da zai fara cin karo da shi shi ne kwalabe da kwalaye masu ado an jera su reras a kan kanta. Wannan an ce na ƙarin jini ne, wancan na ƙarin kuzari, ga na buɗe ciki don a ci abinci, ga kuma na gyaran fata da ƙarfin ƙashi. Haka nan a tashoshin mota da kasuwannin ƙauye, masu talla da lasifika ba su da wani waƙe sai na irin waɗannan ƙwayoyi. Sau da yawa magidanci yakan zare kuɗin da zai isa cefanen kwana biyu ya sayi kwalba guda, ya kai gida yana ganin ya sauke nauyin lafiyar iyalinsa.

A wajen likitoci waɗannan abubuwa ciko ne na abinci. Jikin ɗan Adam yana bukatar waɗansu sinadarai 'yan kaɗan ƙwarai, waɗanda ba ya iya ƙera yawancinsu da kansa, sai dai ya same su daga abin da ya ci. Bitamin iri goma sha uku ne aka sani, sa'an nan ga ma'adinai irin su ƙarfe da aidin da zink da kalsiyam. In suka yi ƙaranci jiki ya raunana, in aka cike giɓin ya farfaɗo. Amma jikin da ba shi da giɓi, ƙarin da za a yi masa ba ya ƙara masa kome, wani lokaci ma cutarwa yake yi. A nan ne ake samun ruɗani, domin mai talla ba ya tambayar wanda ke gabansa ko yana da giɓin ko ba shi da shi.

Ilmin nan bai daɗe sosai ba. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila mai suna James Lind ya ɗauki matuƙa goma sha biyu masu fama da ciwon da ke sa dasashi ya kumbura yana zubar da jini, ya raba su bibbiyu, ya ba kowane rukuni magani dabam. Waɗanda aka ba lemun zaƙi da lemun tsami su ne suka warware. Daga bisani, a cikin shekarun 1890, wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, wanda ke aiki a tsibirin Jaba, ya lura cewa kajin da ake ba shinkafar da aka surfe tas suna shanyewa, amma in an mayar musu da dusar sai su miƙe. Sai a 1912 ne Casimir Funk, wani masani ɗan ƙasar Folan, ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan da ya zama bitamin. Labarin kajin Jaba abin tunani ne ga matan da ke surfa gero ko masara har sai ya yi fari sol, domin wani rabo mai yawa na bitamin ɗin rukunin B yana cikin dusar da ake kwashewa a ba tumaki.

Dundumi da ƙyanda

Cikin dukan ƙwayoyin nan, da wuya a sami wadda ta ceci rayukan yara kamar ta bitamin A, kuma abin mamaki ita ce wadda ake bayarwa kyauta. Hausawa sun daɗe da sanin dundumi, watau yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi, ya riƙa tuntuɓe da kwanuka a tsakar gida. Wannan ita ce alamar farko ta ƙarancin bitamin A. In abin ya yi nisa sai farin ido ya bushe, baƙin ido ya yi gyambo, ƙarshenta yaro ya makance, musamman in ƙyanda ta same shi a wannan hali.

Da can an ɗauka ɓarnar ta tsaya ga ido ne kawai. A shekarar 1986 wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon binciken da suka yi a ƙauyuka 450 na arewacin tsibirin Sumatara a ƙasar Indunisiya. Sun tarar cewa a ƙauyukan da aka ba yara bitamin A mace-macen ƙananan yara ya ragu da kimanin kashi 34 cikin ɗari. Masana da yawa sun yi shakkar wannan adadi da farko, sai da aka maimaita binciken a waɗansu ƙasashe aka tabbatar cewa lalle sinadarin yana ƙarfafa jiki wajen yaƙi da ƙyanda da gudawa.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a ƙasashen da ake da wannan ƙaranci a riƙa ɗiga wa kowane yaro daga wata shida zuwa wata 59 bitamin A bayan kowane wata huɗu zuwa shida. Ɗan wata shida zuwa goma sha ɗaya ana ba shi shuɗiyar ƙwaya mai ma'auni 100,000, wanda ya cika shekara kuwa ja mai ma'auni 200,000. Ita ce ƙwayar nan da malaman asibiti ke yanke wa baki su matse a bakin yaro lokacin makon kula da lafiyar mata da yara. Dalilin da ya sa sau biyu a shekara ya wadatar shi ne, hanta tana adana wannan bitamin tana sakinsa sannu a hankali. Wannan dalili kuwa shi ne ya sa yawansa ke da haɗari, tun da yake ba ya fita da fitsari. Mace mai ciki musamman bai kamata ta sha mai ƙarfi irin na yara ba, domin yana iya nakasa abin da ke cikinta.

Tun shekarar 2002 doka ta wajabta wa masana'antun Nijeriya zuba bitamin A a cikin fulawa da sukari da man girki, kuma alamar ido da ake gani a jikin buhu ko galan ita ce shaidar haka. Ban da wannan, ga hanta da ƙwai da man shanu, ga manja da karas da kabewa da mangwaro da gwanda, ga kuma zogale da alayyafo. Ganye yana bukatar ɗan mai kafin jiki ya iya tsotse abin da ke cikinsa, ashe ke nan kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa haɗi ne na hikima.

Mai ciki da ƙwayar awo

Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan adadi ba ƙarami ba ne. Mace mai ciki jininta yana ƙaruwa don ya wadaci mutum biyu, ga kuma jinin da za ta zubar wajen haihuwa. Wadda ta je kan gwiwa da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ta tashi, ita sai ta zama ajalinta.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kowace rana har ta haihu. Su ne 'yan ƙwayoyin da ake bayarwa wajen awon ciki, waɗanda sau da yawa ake tarar da su a ƙarƙashin katifa ba a taɓa ba. Masu ƙin sha suna da dalilansu. Ƙwayar ƙarfe takan sa tashin zuciya ko taurin bayan gida, kuma takan mai da bayan gidan baƙi, abin da ke firgita wadda ba a yi wa bayani ba, alhali baƙin ba wata illa ba ce. Akwai kuma maganar da ta yaɗu tsakanin mata cewa ƙwayar tana sa jariri ya yi girman da haihuwa za ta gagara. Abin da likitoci suka gani shi ne akasin wannan tsoro: uwa mai ƙarancin jini ita ce ke yawan haifar ɗa ƙarami ko bakwaini, wanda rayuwarsa ke cikin haɗari tun ranar farko. Wadda ƙwayar ke tayar wa zuciya tana iya shanta bayan cin abinci ko da dare.

Shi folik asid tarihinsa ya faro ne daga birnin Bombai na Indiya, inda wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta gano a farkon shekarun 1930 cewa wani irin ƙarancin jini da ke kashe mata masu ciki yana warkewa da abincin da aka yi da yis. A 1941 aka tace sinadarin daga ganyen alayyafo. Babban amfaninsa kuwa bai fito sarari ba sai 1991, lokacin da wani bincike da aka shirya daga Ingila ya nuna yana hana yawancin nakasar laka da ƙwaƙwalwa, irin wadda ake haifar jariri da ƙari ko rami a gadon bayansa. Sai dai akwai wani abin lura. Lakar ɗan tayi tana gama rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar sun yi ɓatan wata ba. Wadda ta bari sai ciki ya kai wata biyar kafin ta fara zuwa awo, ta rasa wannan kariya ɗungum. Don haka likitoci ke cewa matar da ke sa ran ɗaukar ciki ta fara shan folik asid tun kafin ta ɗauka, kuma wannan magana ta shafi amare da iyayensu da ke haɗa kayan gara.

Yadda ake shan ƙwayar ma yana da muhimmanci. Shayi da gahawa suna hana hanji tsotse ƙarfe, ruwan lemo da gwaiba da kwalba da nono ta garin kuka kuwa, saboda bitamin C da ke cikinsu, suna taimaka masa. Wadda ta kora ƙwayarta da shayi mai kauri ta rage wa kanta amfani. Shi kuma haɗin nan na lemon malt da madarar gwangwani da ake yi wa mai jego ko maras lafiya da sunan ƙarin jini, daɗi ne da sukari kawai, ƙarfen da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Kuɗinsa da an sayi hanta ko wake da shi da ya fi.

Amma fa ba kowane ƙarancin jini ne ƙwayar ƙarfe ke gyarawa ba. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, tsutsar hanji da tsargiya suna zuƙe shi, kuma muddin ba a kashe su ba, ƙwaya zuba ruwa ce a kwando. Mai amosanin jini, watau sikila, folik asid ake ba shi, amma bai kamata ya sha ƙarfe ba sai an auna jininsa, musamman wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, domin ƙarfen yakan taru a hanta da zuciya ya yi ɓarna. Dattijo ko dattijuwar da jininsu ke raguwa ba tare da dalili ba, asibiti ya kamata su nufa, don wani lokaci alama ce ta gyambon ciki ko sankarar hanji da ke tsiyayar da jini a ɓoye.

Gishiri da ƙashi

Tsofaffi za su tuna yadda maƙoƙo yake da yawa a da, musamman a garuruwan kan tsaunuka da ke nesa da teku, inda ruwan sama ya wanke aidin daga ƙasa. Kumburin wuya shi ne abin da ido ke gani, amma babbar ɓarnar tana ga ƙwaƙwalwar jariri, domin uwar da ba ta da isasshen aidin tana iya haifar ɗa mai raunin fahimta har ƙarshen rayuwarsa. Abin da babba ke bukata a yini maikirogiram 150 ne kacal, mai ciki kuwa 250. Ƙasar Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, jihar Mishigan ta Amurka ta bi baya a 1924. Nijeriya ta wajabta haka a 1993, kuma a 2005 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida cewa gishiri mai aidin ya game gidajenta. Gidan da ke amfani da gishirin leda mai aidin ba ya bukatar wata ƙwaya dabam, illa dai a ajiye shi a rufe, nesa da murhu da rana da danshi, kada sinadarin ya tsere. Wannan kuwa ba izini ba ne na cika gishiri a miya, don abin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram biyar ba, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda.

Wani darasi mai kyau ya fito ne daga Jos. A ƙasashen Turai, ciwon da ke sa ƙashin yaro ya yi laushi har ƙafafunsa su yi gwame ko su lanƙwashe kamar baka, rashin bitamin D ne ke kawo shi, kuma fata ce ke ƙera wannan bitamin in rana ta taɓa ta. To, me zai sa a riƙa ganin ciwon a ƙasar da rana ba ta yankewa? Likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ƙarƙashin jagorancin Tom Thacher, suka bi diddigin yara 123 masu wannan ciwo, suka bayyana sakamakon a 1999. Sun tarar cewa abin da yaran ke samu na kalsiyam a yini bai wuce kimanin miligiram 200 ba, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa bisa waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Watau yaron da aka yaye aka bar shi da koko da tuwon masara, ba nono ba kindirmo, shi ne ke cikin haɗari. Da an bi abin da ke rubuce a littattafan Turai kawai, da an yi ta ɗirka wa yaran abin da ba shi ne babbar bukatarsu ba. Nono da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu da riɗi da miyar kuka duk suna da kalsiyam. Duk da haka, tsofaffi da matan da ba su cika fita rana ba suna iya rasa bitamin D, kamar yadda aka gani a ƙasashen Larabawa masu tsananin rana.

Game da zink kuwa, tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce a haɗa shi da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa: miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10. Yana rage tsawon gudawar, yana kuma hana ta saurin dawowa, muddin ba a daina ba don an ga ciki ya tsaya.

Inda kuɗi ke salwanta

Idan aka bar yara da masu ciki da marasa lafiya, aka koma ga lafiyayyen mutum mai cin abinci iri-iri, sai hujja ta yi rauni. Bitamin C da ake rububinsa lokacin hunturu ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura, iyakarsa ya ɗan rage kwanakinta ga mai shansa kullum, kuma abin da ya wuce bukata fitsari ne ke tafiya da shi. A 2022 kwamitin masana da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya duba tarin bincike, ya ce babu isasshiyar hujja cewa ƙwayar nan mai haɗe-haɗen bitamin tana kare lafiyayyen mutum daga ciwon zuciya ko sankara.

Akwai ma inda abin ya juye. A ƙasar Finlan an gwada sinadarin da ke ba karas launinsa a kan maza masu shan taba fiye da 29,000, da fatan zai kare huhunsu. Da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari ga waɗanda suka sha ƙwayar. Haka nan wani babban bincike a Amurka ya nuna a 2011 cewa ƙwayar bitamin E ta ƙara yawan sankarar wata halitta da ke ƙarƙashin mafitsarar maza da kashi 17 cikin ɗari. Cin karas bai taɓa yi wa kowa haka ba. Tace sinadari guda a dunƙule shi a ƙwaya a riƙa haɗiya da yawa, shi ne ya zo da abin da ba a zata ba.

Allurar bitamin da waɗansu ke matsa wa mai kemis ya yi musu duk lokacin da suka ji kasala, ita ma yawanci ba ta da dalili, ga kuma haɗarin ƙurji ko kamuwa da ciwon hanta in allurar ba ta da tsabta. Waɗanda ke da bukatar a duba musu bitamin B12 su ne tsofaffi, da waɗanda ba su cin nama ko ƙwai ko nono ko kaɗan, da masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan maganin metfomin. Mafi muni kuwa shi ne abin da 'yan mata ke kira sha ka fashe, wanda ake sayarwa kusa da kwalaben bitamin har a ɗauka danginsu ne. Cikinsa sau da yawa akwai magani mai ƙarfi na rukunin siteroyid, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya kawo hawan jini da ciwon sukari, ya kuma raunana ƙashi.

Yawancin kwalaben da ke kan kanta daga waje ake shigo da su, kuma sunan ƙasar da aka yi su ba shaida ba ce. A Amurka kanta, dokar da aka kafa a 1994 ba ta bukaci kamfani ya tabbatar wa hukuma cewa irin wannan kaya yana aiki kafin ya kai shi kasuwa ba, saɓanin yadda ake yi wa magani. A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi musu rajista, kuma mai saye ya kamata ya nemi lambarta da ranar lalacewar kayan a jikin kwali. Kayan da ya yini a faranti cikin rana a tasha, ko da na gaske ne, zafi ya riga ya rage masa ƙarfi. Mai shan maganin hawan jini ko na tsinka jini ko na farfaɗiya, wajibi ne ya gaya wa likitansa duk wata ƙwaya da yake ƙarawa, domin waɗansu suna karo da juna a jiki.

Ƙwayar ƙarfe da ake ba masu ciki ja ce mai santsi, yaro ƙarami yakan ɗauka alewa ce, kuma 'yan kaɗan daga cikinta sun isa su halaka ɗan shekara biyu. Wurin ajiyarta saman kabad ne ko cikin akwati mai makulli. Yaron da aka ga ya haɗiye su a garzaya da shi asibiti nan take tare da ledar maganin, ko da ya yi amai ya koma wasa, domin gubar ƙarfe takan lafa na 'yan sa'o'i kafin ta kama hanta.